Yadda ake kula da huhun ƙaramin yaro mai cutar sistik faiburosis a gida

Ranar da na fara ganin ƙanwata tana bubbuga ƙirjin ɗanta, ta fi minti ashirin tana abu ɗaya, yaro kuwa garau, ko gyaran murya bai yi ba. Na ce mata ta ƙyale shi haka nan ya huta mana. Ba ta ko tsaya ba ta ce, "Yaya, ai don kada tarin ya zo nake yi."

A Ingila ta haife shi. Can idan jariri ya kwana biyar ana ɗan tsaga masa dunduniya a ɗiga jini a kati, a gwada cututtuka da dama, har da sikila da wannan da ake kira sistik faiburosis, ko CF a taƙaice. Da suka zo Kano hutu cikin hunturu na zauna na koyi aikin a hannunta, don ita ma ta samu ta riƙa miƙe baya. Abin da ke biye shi ne tsarin da likitocinsa suka ɗora ta a kai. Amma kafin ki fara taɓa ƙirjin yaronki, lallai likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar gashi da motsa jiki, ya nuna miki da hannunsa, shi kuma likitan yaron shi ke da ta cewa kan magani da awonsa.

Abin da ke faruwa a cikin huhun

A huhun mai lafiya akwai majina tsinkakkiya mai santsi da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, ƙananan gasu kuma suna share ta zuwa maƙogwaro a haɗiye ba a ma sani ba. Abin da ke tsinka ta shi ne gishiri da ruwa da ke fitowa ta wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayoyin halitta. Masana a Toronto da Michigan suka gano tushen wannan ƙofa a 1989, suka sa masa suna CFTR. A jikin yaro mai CF ƙofar ba ta aiki yadda ya kamata, sai majinar ta yi kauri kamar kunun da ya kwana, ta liƙe a ƙananan hanyoyin iska. Ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura, ya bar tabo, hanyar iskar ta buɗe ta saki, kuma in ta saki ba ta komawa. Hotunan huhu da aka riƙa ɗaukar jarirai masu cutar a Ostareliya sun nuna ɓarnar tana farawa tun a watannin farko, alhali yaron bai ko fara tari ba. Shi ya sa aikin ba ya jiran rashin lafiya.

Gadon cutar CF ake yi, irin yadda ake gadon sikila. Uba yana ɗauke da rabi, uwa tana ɗauke da rabi, su biyun lafiyarsu lau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya haɗa duka. Ta fi yawa a Turawa, a Birtaniya wajen jariri ɗaya cikin 2,500. A baƙar fata ba ta kai haka ba, amma akwai ta, kuma sau da yawa ana ɗaukarta tamowa ce, ko asma, ko tarin fuka, ko nimoniyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Yaron da yake ci ba ya ƙiba, kashinsa mai maiƙo mai ɗoyi, tari yana tafiya yana dawowa, in an sumbaci goshinsa a ji gishiri, wannan a nemi a yi masa gwajin zufa. In gishirin zufar ya kai 60 a ma'aunin da ake amfani da shi, zance ya tabbata kan CF.

Bubbuga ƙirji

Fara da zaɓen lokaci. Sau biyu a rana idan yana lafiya, da safe bayan ya tashi da kuma kafin kwanciyar dare. In mura ta kama shi a ƙara zuwa sau uku ko huɗu. A yi kafin cin abinci, ko a bari sai an yi aƙalla awa ɗaya da ci, in ba haka ba sai ya amayar da abin da kika sha wahalar ba shi.

Wanke hannu, cire zobe da awarwaro. Ki sa masa 'yar riga mara kauri, ko ki shimfiɗa zane mai laushi a wurin, kada ki bugi fata tsirara. Sai ki lanƙwasa tafin hannunki kamar za ki ɗebi ruwan alwala, yatsu a haɗe, babban yatsa a manne. Iskar da ke kulle a cikin tafin ita ke girgiza majinar, ba ƙarfin dantse ba. Daga wuyan hannu bugun ke fitowa, kafaɗa a sake. Kunnenki zai gaya miki ko kin yi daidai: sautin ya fito kamar ana kiɗan ƙwarya a kife, bum-bum-bum. In kika ji tas-tas, mari kike yi, kuma za ki ga wurin ya yi ja. Ni dai na yi kwana uku ƙanwata tana cewa "Yaya, ƙara lanƙwasawa" kafin hannuna ya faɗa. Jariri ɗan watanni tafin hannu ya yi masa girma. Ana haɗa yatsu uku na tsakiyar ya ɗan hau sama, ko a yi amfani da ɗan kofin roba mai laushi da asibiti ke bayarwa.

Sai wuraren. Zaunar da shi a cinyarki, bayansa jingine da ƙirjinki, ki bubbuga saman ƙirji ƙasa da ƙashin wuya, dama sannan hagu. Ki sunkuyar da shi gaba kaɗan a kan hannunki ko matashi, ki yi saman baya, gefe da gefen ƙashin baya. Kwantar da shi rigingine ki yi gaban ƙirji, tsakanin ƙashin wuya da kan nono. Juya shi ta gefe, ɗaga hannunsa sama, ki yi haƙarƙarin da ke ƙasa da hammata. Sai ɗaya gefen. Daga ƙarshe rub da ciki, kansa a karkace, ki yi ƙasa da allon kafaɗa. Kowane wuri minti uku zuwa biyar, gaba ɗaya abin ya kama minti ashirin zuwa talatin. Da kin gama ki tashe shi daga rub da ciki, kada barci ya ɗauke jariri a haka.

Akwai wuraren da ba a bugawa sam: kan ƙashin baya, kan ƙashin tsakiyar ƙirji, ciki, da ƙasan baya inda ƙoda take. Inda babu haƙarƙari a ƙarƙashin hannunki, ɗaga hannu.

Wani abu kuma da za ki iya cin karo da shi a tsofaffin hotuna a intanet: yaro kwance kansa ƙasa ƙafafu sama, wai majina ta gangaro. An daina yi wa ƙananan yara haka. An gano yana sa abin da ke cikin ciki ya taso ya zarce huhu, ya ƙara ɓata abin da ake son gyarawa. A kwance daidai, ko kai ya ɗan fi tudu.

Kada ki zuba ido ki ga kaki. Yaro ƙasa da shekara huɗu ko biyar haɗiyewa yake yi, kuma ba laifi. Muddin majinar ta bar huhu, buƙata ta biya. Wani lokaci za ki gan ta a cikin tumbuɗi ko kashi. Ki dakata nan take in numfashinsa ya sarƙe, ko leɓensa ya canja launi, ko kika ga jini.

Kuka fa? Zai yi, musamman tsakanin shekara ɗaya da uku, lokacin da komai "a'a" ne. Ƙanwata tana da waƙoƙi shida, kowane wuri da waƙarsa, in waƙa ta ƙare a juya. Yaron har ya haddace, da an kai ta ƙarshe shi ke cewa "saura ɗaya". Akwai kuma wani katun da ba a kunna masa sai a wannan lokacin. Kuma iyaye maza, wannan ba aikin uwa kaɗai ba ne. Sau biyu a rana, shekara da shekaru, hannu ɗaya ba zai ɗauka ba. Uba ya koya, yayye su koya.

Idan ya fara wayo

Daga shekara biyu abin yana komawa wasa. Busa kumfar sabulu, hura audugar da aka ɗora a faranti, busa usur, tsalle-tsalle, guje-guje, cakulkuli har ya yi dariyar da ke tayar da tari. Duk abin da zai sa ya ja dogon numfashi magani ne. Kada a killace shi a ɗaki wai don ba shi da lafiya.

Wajen shekara uku zuwa huɗu sai a koya masa huci. Ki ba shi madubi, ya buɗe baki sosai ya ce "haaa" har madubin ya yi raɓa. Huci mai tsawo a hankali yana jawo majinar da ke can ƙasa. Gajere mai ƙarfi yana fitar da wadda ta riga ta hau. Biyu ko uku, sai tari, sai ya huta da numfashi a natse, a sake.

Akwai kuma busa cikin gora, in likitan fisiyo ya amince. A samu gora mai tsabta, a zuba ruwa mai zurfin kamar santimita 10, a zura tiyo mai faɗi har ƙasa, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan. Yaro ya ja numfashi ta hanci ya busa a hankali har kumfa ta taso. Nauyin ruwan yana tokare hanyoyin iska su zauna a buɗe, iska ta zagaya bayan majinar ta turo ta. Sai yaron da ya san bambancin busawa da zuƙa, kuma kina tsaye a kansa. Da an gama a zubar da ruwan, a wanke gora da tiyo, a bushe. Ruwan jiya ba a sake amfani da shi. A wasu asibitoci ana ba da takunkumin roba mai wannan aikin tun yaro yana jariri, a Amurka kuma an fi amfani da wata riga mai girgiza ƙirji da ake jonawa da inji. Duk manufarsu ɗaya, kuma tafin hannu da aka iya bai gaza ba.

Magungunan shaƙa da jerinsu

In an rubuta masa magungunan da ake shaƙa ta nebulaiza, na'urar da ke mayar da ruwan magani hazo, jerin yana da muhimmanci. Na farko mai buɗe hanyoyin iska, irin su salbutamol. Sai masu tsinka majina: ruwan gishiri mai ƙarfi, yawanci mai kashi 7 cikin ɗari, da Pulmozyme in yana cikin tsarinsa. Sannan a yi bugun ƙirji ko huci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su tobramaisin, shi ne na ƙarshe, don ya tarar da hanya a share ya isa ƙasa ya zauna. In kika ba shi kafin bugu, tare da majina zai fito. Wasu likitoci suna sauya lokacin Pulmozyme; ki bi abin da aka rubuta miki.

Ruwan gishirin nan ba a haɗa shi a gida, ko da an tafasa. Na kamfani ne, a rufe yake zuwa. Pulmozyme ba a gauraya shi da wani magani a kofi ɗaya, kuma a firji yake zama. Mai zaune inda wuta ke wasa da hankali sai ya yi tanadin kula, wato akwatin riƙe sanyi, da ƙanƙara, a naɗe maganin kada ya taɓa ƙanƙarar ya daskare. Takunkumin nebulaizar ya manne da fuska sosai. Riƙe shi nesa da hanci wai don kada yaro ya yi kuka, iskar ɗaki kawai kike yi wa magani. Bayan an gama a goge masa fuska da ruwa.

Wankin nebulaiza shi ne inda gajiya ke sa mutane sakaci, kuma kofin da aka bari da danshi gona ce ta ƙwayoyin cuta da za a hura kai tsaye cikin huhu. Bayan kowane amfani a warware sassan, a wanke da sabulun wanke-wanke da ruwa mai tsabta, sannan a tafasa minti biyar in takardar na'urar ta yarda da tafasawa. A baza su a kan tsumma mai tsabta su bushe da kansu, sai sun bushe ƙarau a adana. Ruwan tsami na binega ba ya wadatarwa. Tiyon iska ba a wanke cikinsa. In ya yi datti ko danshi a canja.

Gyaran gida

Akwai wata ƙwayar cuta da iyayen yara masu CF ke sanin sunanta tun da wuri, a takardar gwaji za ki ga an rubuta Pseudomonas. Ruwan da ya kwanta take so, da ƙasa mai dausayi. In ta samu gindin zama a huhu fitar da ita aiki ne, amma in an kama ta da farkon shigarta, sau da yawa kwana 28 na shaƙar tobramaisin yana kawar da ita. Dalilin da ya sa ake goge maƙogwaron yaro da auduga a kai gwaji duk wata uku ke nan, ko da lafiyarsa ƙalau. Kada ki tsallake wannan ranar.

To ki zaga gida da wannan ido. Bahon wanka da aka bar ruwa ya kwana, buta, kwata, ruwan da ke ɗiga daga firji ko na'urar sanyaya ɗaki, kayan wasan roba masu rami da ruwa ke shiga ya ƙi fita, soso da ba ya bushewa. Randa a riƙa wanke ta ana sauya ruwa, ruwan shan jariri a tafasa. Turken dabbobi, akurki, taki, harawa da dusar da ta yi fumfuna, waɗannan ba wurin wasansa ba ne, don ƙurar fumfuna tana tayar da huhun irin yaran.

Hayaƙi ne ya fi ba mu wuya. Sigari kam ba a maganarsa, ko a zaure, ko a mota. Amma akwai murhun itace, gawayin jin ɗumi, maganin sauro na kunnawa, janareta a gindin taga, da turaren wuta. Washegarin zuwansu Hajiyarmu ta cika kasko da turare mai kyau don karrama jika, ɗaki ya turnuƙe. Ƙanwata ta saɓi yaro ta yi tsakar gida, Hajiya ta yi fushi har azahar. Da daddare da ta ji yadda yake tari, ita da kanta ta ɗauke kaskon ta kai ɗakin baya, muka ɗaura gidan sauro. Ranar da hazo ya sauko sosai a rage fita, a rufe taga, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya yana ciki.

Mai mura ya yi haƙuri da ɗaukar yaron sai ya warke, kowa kuma ya wanke hannu. Mutum biyu masu CF waɗanda ba gida ɗaya suke ba kada su kusanci juna ƙasa da mita biyu, saboda suna iya musayar ƙwayoyin da ba sa cutar da sauran mutane. In wa da ƙani ne a gida ɗaya, kowa da nebulaizarsa, da kofinsa, da buroshinsa, kuma a yi musu bugu a ɗaki daban-daban. Rigakafi a cika kati tsaf, musamman na nimoniya, tarin shiƙa da ƙyanda, da allurar mura ta shekara-shekara daga wata shida inda ake samunta.

Ciki ma na huhu ne

Yaron da ya rame huhunsa ba ya jure cuta, shi ya sa likitoci ke bin awon nauyinsa kamar yadda suke bin tarinsa. Mafi yawan masu CF majinar tana toshe gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, sai maiƙo ya wuce bai narke ba. Ana ba su ƙwayoyin narkarwa, irin su Creon, a farkon kowane ci, har da nono. Ga ƙarami a buɗe kwanson, a zuba 'yan ƙwayoyin a cokali ɗaya na abu mai ɗan tsami kamar markaɗaɗɗen tuffa, a ba shi nan take. Ba a daka su, ba a bari ya tauna, ba a zuba su cikin kwalbar madara. Ki duba bakinsa kada wasu su maƙale su ci masa dasashi. Zafi yana kashe su, kada a bar su a mota. Sai bitamin A, D, E da K, da abinci mai mai: ƙwai, gyaɗa, man shanu, kifi, madara.

Gishiri kuma, saɓanin abin da aka saba faɗa wa iyaye, su ƙari suke buƙata, don zufarsu tana kwashe shi. A Amurka ana ba jarirai kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali a rana, a raba cikin abinci, a ninka bayan wata shida. A ƙasar zafi buƙatar tana iya fin haka, musamman da bazara, don haka likita ya yanka miki awo. Yaro ya yi laushi, ya ƙi abinci, yana amai cikin zafi, a yi zargin gishirinsa ya yi ƙasa a tafi asibiti.

Yaushe za a nemi likita

Ki san yaronki a ranar lafiyarsa, sannan za ki gane ranar da ya sauya. Sabon tari, ko tarin da ya koma mai ruwa-ruwa, ko mai tashinsa da dare, a kira likita cikin kwana biyu zuwa uku, kada a jira zazzaɓi, don sau da yawa ba ya zuwa. Haka in ya rage ci, ya rage wasa, ko nauyi ya tsaya. Ana saurin ba masu CF maganin kashe ƙwayoyin cuta fiye da sauran yara, kuma na tsawon kwanaki fiye da nasu. A shanye duka.

Ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur yana kwance a natse. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa in ya ja numfashi, ko leɓe ya yi duhu, ko jini a kaki, asibiti a ranar, ko tsakar dare ne. Maganin tari na kwalba mai kwantar da tari kuwa kada ya shiga bakinsa. Wani mai kemis ya taɓa miƙo mana, da kyakkyawar niyya, wai yaro ya samu barci. Tarin shi ne tsintsiyar. In aka kashe shi majina ta zauna.

Za ki ji labarin sababbin magunguna masu gyara ƙofar gishirin kanta. Kalydeco ya fito a 2012, Trikafta a 2019, kuma tun 2023 ana ba yara daga shekara biyu a Amurka. Sun sauya rayuwar mutane da yawa, amma tsadarsu ta wuce hankali, kuma ba kowane nau'in cutar suke yi wa aiki ba. Nau'in da ya fi yawa a Turawa, F508del, yana amsawa. Wasu nau'o'in da aka fi samu a 'yan Afirka ba sa amsawa. Don haka ki nemi gwajin jini da zai nuna nau'in yaronki, ki adana takardar tare da ta gwajin zufa da sakamakon gogen maƙogwaro a jaka ɗaya, ita za ki miƙa wa duk sabon likitan da kuka je wurinsa. Ko an ɗora shi a kan sabon maganin, ba a ajiye bugun ƙirji da nebulaiza sai likitansa ya ce a rage. Sauran 'ya'yanki ma a yi musu gwajin zufa, ko da ba wanda ke tari a cikinsu.